Har Yanzu Gizo Bai Shiga Waya Ba

A hutun zangon da ya wuce aka aiko yaro ya kira ni gidan yayata, wai in zo maza-maza. Na ɗauka rashin lafiya ce. Ina shiga na tarar da mai gidan tsaye a tsakar gida, ya ɗaga waya sama kamar zai maka ta da turmi. 'Yarsa da ke karatu a jami'a a Dutse tana bakin ƙofar ɗaki ta sunkuyar da kai, ƙanenta ɗan shekara 13 kuma ya raɓe a bayan rumbu. Wayar tata ce. Yaron ne ya ɗauka yana buga gem, uban ya leƙo ta kafaɗarsa ya ga zanen 'yan mata biyu a kan doki ɗaya, ta baya ta rungume ta gaba. Ni aka kira don ni ne malamin makaranta, in karanta Turancin in gaya masa ko abin da yake zato ne.

Abin da yake zato ne, wato soyayyar mace da mace, kuma ban ɓoye masa ba. Na dai roƙe shi ya yi wa Allah ya sauke hannu, ya bar mini wayar zuwa safiya.

Bayan isha'i na zauna na buga gem ɗin tun daga farko. Bai cinye awa ɗaya ba. Hotunan duka ba su wuce ashirin ba, zanen hannu ne, har ana ganin sawun fensir a gefen fuska. Kiɗan kuma ɗan tsirkiya ɗaya ne yana ta maimaita kansa, kamar yaro na koyon garaya. Labarin irin tatsuniyar Turawan nan ce: an kulle 'yar sarki a saman doguwar hasumiya, dodo na gadi, jarumi ya taho cikin sulke zai cece ta. Kai ne jarumin. Ƙofa uku ce tsakaninku, kowace sai ka warware wani ƙulli kafin ta buɗe. A ta farko za ka yi ta jujjuya madubai har hasken farin wata ya faɗa ramin makulli. A ta biyu dodon ne zai yi maka kacici-kacici, amsoshin kuma duk suna bakin wata tsohuwa da ka gamu da ita a hanya, wadda in ka yi gaggawa ka wuce ta ba ka tsaya ba, ka shiga uku. Nan na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, don na san tsohuwar nan farin sani, a bakin rafi muka saba haɗuwa da ita a tatsuniyoyinmu. A ƙofa ta uku ne jarumi ke cire kwalkwali, sai ga kitso. Daga nan labarin ya rabu gida uku gwargwadon abin da ka zaɓa: ko gimbiya ta koma gida a ɗaura mata aure da wani yarima, ko ta ce ita zaman hasumiyar ya fi mata, ko su hau doki su tafi tare. Yaron na ukun ya faɗa.

Da aka gama sai sunan masu aiki ya fito. Mutum ɗaya ne. Rubutu shi, zane shi, kiɗa shi. A can ƙasa ya yi godiya ga mahaifiyarsa da kuma magensa.

Kashegari kafin magariba labari ya karaɗe unguwa, kun san ƙauye. A majalisarmu ta gindin darbejiya kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce shiri ne aka yi mana tun daga Amurka, wani ya tuno hayaniyar yarjejeniyar Samoa ta 2024, wadda aka yi ta zargin tana goyon bayan auren jinsi, ya ce ai ga shi nan an fara. Wani dattijo ya ce a ƙwace wayar duk wanda bai yi aure ba, aka tambaye shi har da ɗansa mai sana'ar POS a bakin kasuwa, ya yi shiru. Mafi yawa dai sun tsaya a kan gwamnati ta hana.

Bari in faɗi inda na tsaya kafin a yi mini fassara. Ni Musulmi ne, a garin nan aka yanke cibiyata, na san abin da malamanmu ke karantarwa a kan wannan al'amari, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Doka ma ta riga ta yi magana, tun daga shari'ar da Kano da Jigawa suka ɗauka a 2000 har zuwa dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Uban da ya ce ba ya son ɗansa ya buga wannan gem yana da iko a gidansa. Inda na rabu da 'yan majalisa shi ne batun makirci, da kuma zaton cewa in an fasa waya magana ta ƙare.

Wanda ya zana dokin nan bai taɓa jin sunan garinmu Ringim ba. Da mu ya nufa, da bai rubuta da Turancin da ni kaina sai da na tsaya a wasu wurare ba. Babu talla a ciki, babu inda aka ce ka tura kuɗi ko ka shiga wata ƙungiya. Mai ƙulla makirci ba ya gode wa magensa. Masu irin wannan aiki mutane ne da suka tashi ana karanta musu tatsuniyoyin kakanninsu, kullum yarima ne ke auren gimbiya, suna dubawa ba su ga wurin zamansu a cikin labarin ba, da suka girma sai suka buɗa wa kansu wuri. Ba sai ka yarda da mutum ba kafin ka gane abin da ya sa ya ɗauki alƙalami. Kuma mu daina yi kamar waya ce ta fara kawo mana mutanen da suka sha bamban da saura. Kakanninmu sun san 'yan daudu a kasuwa da tasha tun ba a san za a yi wani abu wai shi intanet ba.

Irin waɗannan ƙananan gem-gem suna da yawa, kuma ba duka ne ke zancen soyayyar jinsi ɗaya ba. Akwai na tsoro, akwai na ban dariya, akwai na wanda uwarsa ta rasu ya rasa wanda zai gaya wa. Salon labarin da ake karantawa ana zaɓa, da hoto da kiɗa, a Japan ya yi ƙarfi tun shekarun 1990, amma abin da ya jefa shi hannun talaka shi ne kayan aiki na kyauta. Akwai manhajar Ren'Py da ta fito a 2004, wadda za ka rubuta labarinka kamar wasan kwaikwayo, ka ce ga hoton da zai fito, ga zaɓin da za a ba mai karatu, ita kuma ta haɗa maka shi ya zama gem, har wanda zai hau wayar Android. Akwai Twine ta 2009 da ta fi ta sauƙi, ita ko zane ba dole ba ne, kuma abin da za ta ba ka fayil ɗaya ne tak da kowace waya mai buɗe intanet za ta iya buɗewa. Sai kasuwarsu, wani dandali mai suna itch.io da aka buɗe a 2013, inda ba a karɓar ko sisi kafin ka baje kayanka, kuma kana iya cewa mai saye ya biya abin da ya sawwaƙa. Babbar kasuwar Steam dala 100 take karɓa a kan kowane gem kafin ta ɗora shi, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka fi tururuwa a wancan. Har gasa suke shiryawa a tsakaninsu, akwai wadda ake yi duk watan Maris, a ba ka wata ɗaya ka fara labari ka gama. Na tabbata dokin da ya tayar da hankalin gidan yayata daga irin wannan zama ya fito: mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, 'yan makonni.

Sauya tatsuniya kuma ba yau aka fara ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, da suka buga tatsuniyoyin ƙasarsu a 1812, sun yi ta gyara su bugu bayan bugu har zuwa 1857. A bugun farko, matar da ke kishin kyan yarinya har ta sa a kai ta daji a kashe, uwar da ta haife ta ce. Suka ga abin ya yi wa iyaye nauyi, suka mai da ita kishiyar uwa. Mu ma namu gwanin haka ya yi. Abubakar Imam da ya zauna a Zariya a shekarun 1930 yana rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga Indiya, ya ɗebo har daga waɗannan Jamusawan, ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fadar sarkin Hausa. Yau wa zai karanta ya ce ba namu ba ne? Ba mu kira shi ɓarawo ko ɗan makirci ba, gwani muka kira shi, kuma gwanin ne. Ko a ɗakin kakata, Allah Ya jiƙanta, tatsuniya ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba. Ranar da ta ji haushin wata suruka, kishiyar cikin labarin har tafiyarta irin ta surukar ce. Duk wanda ya zauna ya ba da tatsuniya, tasa ce a wannan daren, shi ke da kunnen yaran.

To wa ke zaune yanzu? A unguwarmu, tsakani da Allah, na manta rabon da in wuce wani gida da dare in ji “Ga ta nan, ga ta nanku,” yara su amsa “Ta zo mu ji ta.” Abin da kake ji shi ne fim ɗin Indiya mai fassara, ko ihun samari a kan gem ɗin ƙwallo a shagon mai cajin waya. Tsofaffin da suka iya suna nan da ransu, ba a tambayarsu ne kawai.

Batun hanawa kuwa, an bar jaki ne ana dukan taiki. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, tana iya kiran furodusa, tana iya rufe shago, domin furodusa na da ofis, shago na da ƙofa. Wannan gem ɗin ba shi da ko ɗaya. Bai kai nauyin waƙa goma ba. Yarinyar ma ba ita ta sauko da shi daga intanet ba, ƙawarta ce ta tura mata ta Xender a ɗakin kwanan ɗalibai, guda goma a haɗe. Wace hukuma ce za ta tsaya tsakanin waya da waya a ɗakin kwana? Dukan yaro kuma abu ɗaya yake koya masa, wato ya riƙa juya baya ga bango in zai buga.

Da na mayar mata da wayar na yi mata faɗa daidai gwargwado, musamman a kan barin ƙanenta da abin da ba ta tantance ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Kawu, ni fa karatun nake so, irin wanda ni zan zaɓi abin da za a yi. Ka nuna mini guda ɗaya na Hausa, wallahi yanzu in goge waɗannan duka.” Na laluba, ban samo mata ba.

Abin haushin shi ne tatsuniyoyinmu tun asali a shirye suke da wannan aiki, kamar don shi aka yi su. Ɗauki Daskin-da-Riɗi. Saurayi ne da ba wanda ya san sunansa, kuma ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunan. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya, a bakin rafi suka tarar da tsohuwa tana wanka, ta ce a zo a cuɗa mata baya. Kowace ta yi tsaki ta wuce. Wadda aka rena, wadda aka bari a baya, ita ta tsaya ta cuɗa, ita aka raɗa wa sunan. Ga ƙulli, ga makulli a ɓoye a hannun wadda ba a zata ba, ga zaɓi: ki tsaya ko ki wuce. Baturen nan sai da ya ƙirƙiro tsohuwarsa, mu tamu tana zaune a bakin rafi tun kaka da kakanni. Ko Ta-Kitse, amaryar da aka yi da kitse, wadda rana ba za ta taɓa ba, kishiyoyi suna ta dabarar fitar da ita. A ba yaro ya zama shi ne zai ratsa da ita gidan sarki daga inuwa zuwa inuwa kafin ta narke, a gani ko zai ajiye wayar. Ga mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen kuma ba ya ɗaukar sama da shi da abu ɗaya. Ga labaran nan da ake ƙarewa da tambaya, a ce to a cikin su ukun wa ya fi cancanta, a kwana ana musu.

Kacici-kacici ma har da dokar ci da faɗuwa ya zo. A ce maka “Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya,” ka ce tsintsiya. A ce “Baba na ɗaka gemu na waje,” in ka kasa sai ka ba da gari kafin a faɗa maka. Ka ba da ƙaramin ƙauye a ƙi karɓa, sai ka haƙura ka miƙa Kano. A gem, sai a ba yaro garuruwa bakwai a aljihu, Haɗeja da Gumel da Kazaure da sauransu, duk kuskure gari ɗaya ya tafi. Ban ƙirƙiri komai a nan ba, dokar da muka yi wasa da ita ce a dandali.

Kuma ba a rasa kayan a rubuce ba. Tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa da malamai suka rubuta masa, littafi uku manya. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu a shekarun 1970, mu da muka yi firamare a da mun karanta su. Marubuta ma ba mu rasa ba. Matan da ke rubuta littattafan soyayya a waya, su sayar a rukunin WhatsApp, a tura musu kuɗi ta asusu su tura shafi, sun riga sun iya abin da ya fi wuya, wato riƙe mai karatu har ya biya don ya ji ci gaba. Hanyar rabawa tana nan, masu tura fina-finai a kati suna kowace kasuwa, daga Gujungu har Maigatari. Masu zane suna nan suna ɓata basirarsu a bayan tifa da allon shago. Yaran da suka karanta kwamfuta a Kazaure da Dutse suna zaune suna jiran a ɗauke su aikin gwamnati. Ba a dai haɗa su a tabarma ɗaya ba.

Tsorona biyu ne. Na farko, kada wani ya ji wannan magana ya mai da ita kwangila, a kafa kwamiti, a yi taro a otal, a raba jaka da hula, a fito da abin da ko 'ya'yan 'yan kwamitin ba za su buɗe ba. Na biyu ya fi damuna: mu muna da ciwon mai da komai wa'azi. Na san in aka ba wasunmu Gizo, sai sun sa shi ya tuba a shafi na biyu, ya nemi gafarar Ƙoƙi, ya shiga makarantar dare. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama ne, ga tsamin baki, kuma don haka yara ke son sa. Darasin yana zuwa ne ta bayan gida, lokacin da dabararsa ta juye masa. Wancan mai dokin ya fi mu gane wannan. Ko sau ɗaya bai tsaya ya yi mini huɗuba ba, ya bar ni ne ina jujjuya madubi har na damu da mutanensa. Wanda zai yi gogayya da shi, sai ya iya ba da labari kamarsa ko fiye.

Wahala kam akwai. Wuta sai a yi kwanaki ba a gan ta ba, kwamfutar cinya ba kowane gida ba, kuma ba na yi wa kowa alkawarin zai yi kuɗi da wannan.

Kafin hutun ya ƙare na ce da yarinyar tunda ita ta ƙalubalance ni, ta kawo kwamfutarta. Kwana tara muka yi, muna kai ta caji shagon mai sola da rana, mu zauna a zaure da dare. Ta sauke Ren'Py, ta kalli yadda ake yi, ni kuma na rubuta Daskin-da-Riɗi yadda na tuna ta. Da muka kakare a waƙar da 'yan matan ke yi a ƙofar saurayin, sai muka shiga wurin Inna. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, “Yanzu kai da furfurarka tatsuniya ka zo nema? Kuma da rana tsaka? To sai ku ɗaure Gizo tukuna.” Muka ɗaure, ta rera, muka ɗauki muryar a waya. Zanen wani ɗalibina ne ɗan aji uku ya yi a takardar jarrabawa, tsohuwar ta fito da kai kamar tulu. Mun sha wuya da haruffa, don da yarinyar ta sauya salon rubutu zuwa wani mai ado, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai suka koma 'yan akwatuna, dole muka dawo kan na asali. Abin da muka samu a ƙarshe bai kai minti goma sha biyar ba, kuma ba zan nuna shi a gaban mutane ba.

Ƙanen nata muka fara ba wa, uban yana zaune a gefe yana yi kamar ba ya kallo. Yaron ya zo bakin rafi, muryar Inna ta fito daga waya tana cewa a zo a cuɗa mata baya. Ya san tatsuniyar, don a gabansa aka rera. Yana sane ya danna “wuce”. Na ce kai, me ya sa? Ya ce, “Kawu, so nake in ga abin da zai same ta in ba ta tsaya ba.” Mu kuwa layi biyu kawai muka rubuta a wannan ɓangaren, don ba mu zaci wani zai bi ta nan ba. Ya karanta su, ya ɗago kai ya ce shi ke nan? Uban ne ya amsa daga inda yake zaune, ya ce ai a yadda tasu kakar ke faɗa, 'yan matan da suka wuce ba haka suka ƙare ba, ya gyara zama ya fara ba da nasa. Yarinyar ta jawo kwamfuta tana bugawa, tana cewa, “Baba, a hankali, ka maimaita wurin nan.”